Ƙashi Ɗaya, Kati Biyu

Ranar wata Laraba cikin watan Agusta na 1975, masu fitowa daga sallar asuba a Unguwar Shanu suka tsinci gawar Maliki a lungun bayan ɗakin Audi. Yana kwance rigingine cikin taɓo, wuyansa a karkace, bakinsa a ɗan buɗe har ana hango haƙorinsa na Makka. Maliki ɗan dako ne a kasuwa. Da ƙuruciya ya taka da ƙafa zuwa aikin hajji, ya dawo da haƙorin zinare ɗaya da labarai barkatai, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa sauke wa buhu ba a unguwar.

Kafin hantsi unguwa ta gama shari'a: Audi ne. Audi masinja ne a wani ofishin gwamnati, tun da matarsa ta rasu bai sake aure ba, ba ya zaman majalisa, ba ya haɗa kwano da kowa. Farkon damina sun yi cacar baki da Maliki a kan indararon da ke zubar da ruwa jikin ɗakinsa. Ga kuma igiya an gani a ƙofarsa. 'Yan sanda ma taimakonsa suka yi da suka tafi da shi, don an fara tsintar duwatsu. In kotu ta yarda da abin da unguwa ta faɗa, rataye shi za a yi.

Ni sunana Lawal, ni ne akawun kati a asibitin da aka kai gawar. Ɗakina yana can ƙurya bayan wurin wanki, taga ɗaya, kantoci har rufi, ba mai leƙo ni sai wanda ya ɓata hanya. Aikina shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in buɗe littafin lambobi, in sa wa kowane ciwo lambarsa. In rauni ne, lamba biyu ake sawa: ɗaya ta abin da ya lalace a jiki, ɗaya ta abin da ya lalata shi. Shekarata tara ina wannan aiki, na san ciwon rabin Kaduna, amma ba wanda ya san inda nake kwana.

*

Da azahar Saje Tukur, ɗan sandan da ke binciken, ya faɗo ɗakin ba sallama, wani dattijo siriri yana biye da shi da sanda a hannu. Dattijon ya yi sallamar su biyu.

"Akawu, buga mini hatimi a takardar gawar nan, sauri nake," in ji Saje.

Na ɗauki katin. Likita ya ɗauki hoton ƙashi kafin a ba da gawa, ya rubuta cewa ƙashin wuya na biyu ya karye ta gefe biyu, ya zame gaba a kan na uku, ya datse lakar da ke cikin ƙashin. Wannan ba wuya, lambarsa 806. Amma wurin dalili ya bar shi fili.

"Ranka ya daɗe, saura lamba ta biyu. Likita bai faɗi abin da ya jawo ba."

"Kisa ne! Da bakinsa ya ce irin wannan karayar ake gani a wuyan wanda aka rataye."

"Ya ce da wanda aka rataye, da wanda ya faɗi kansa ya lanƙwashe baya. Ina wurin. Ni ba na rubuta abin da ba a rubuta ba."

Ba jarumta ba ce, taurin kai ne irin na mutumin da ba shi da komai sai tsabtar katinsa. Saje ya zage ni son ransa, ya ce ya ba ni zuwa gobe da la'asar, ya fita. Dattijon bai bi shi ba. Ya ce sunansa Sanda, tsohon ɗan doka ne mai bin sawun ɓarayin shanu, mai unguwa ne ya aika aka taso shi daga Kurmin Mashi.

"Ɗan nan, ni ƙasa nake karantawa, boko ya fi ƙarfina. In ka tashi aiki ka raka ni ka riƙa rubuta mini. Ko ana jiranka a gida?"

Ba a jirana. Na ɗauki kekena muka tafi.

*

A lungun na tarar da ƙorai bakwai a kife cikin taɓo, kamar mai tallar nono ta yi ɓari. Baba Sanda ya kife su ne tun da sassafe kafin 'yan kallo su tattake wurin. Ya tsuguna yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

"Rubuta. Mutum biyu suka shigo daga gabas, ɗaya ba takalmi, ɗaya da takalmin taya, yana jan dugadugin hagu. Ka ga yadda sawun ya nutse, taku gajeru? Kaya suke ɗauke da shi. Ga su nan kuma sun juya, sawu sama-sama, taku dogaye. Sun sauke kayan sun ranta a na kare."

"Na Maliki fa, Baba?"

"Babu. Maliki bai taka lungun nan ba, kawo shi aka yi."

Sawun ya bi ta bayan famfo ya hau kwalta, nan ya ɓace. Igiyar kuwa, ya shinshina ta, ya zaro gashi biyu daga jikinta ya nuna mini. Ta akuya ce. Da muka gaya wa Saje sai ya ce ai Audi na iya sa mutum biyu su yi masa aikin. Na so in tambaye shi ina mutumin da ba shi da abokin cin tuwo zai samo abokan kisa har biyu, amma na riga na ci zagin yini ɗaya.

Akuyar ta Asabe mai ƙosai ce, wadda ke suya a bakin lungun. Ta karɓi igiyarta ba godiya, sannan ta rage murya, irin ragewar da ake ji har tsallaken titi.

"Baba, ni ba ruwana da maganar mutane. Amma ranar Asabar da yamma, da idona na ga Hansai matar mamacin a ƙofar Audi. Ta miƙa masa wani abu a ƙunshe cikin gefen mayafi. Matar aure da gwauro, to, Allah dai ya rufa mana asiri."

Kafin mu kai gidan makoki, asirin da take roƙon a rufa ya riga mu isa.

*

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi. Idi, ƙanin Maliki, shi ke karɓar gaisuwa, idanunsa jajur, muryarsa ta fi ta kowa. Yana cewa in hukuma ta saki Audi, shi ba zai sake shi ba. Baba Sanda ya yi masa ta'aziyya, ya daɗe yana cire takalminsa a inda sauran jama'a suka tube nasu. Na ɗauka tsufa ne.

Hansai ta yi mana magana daga bayan asabari, don ta shiga takaba.

"'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. An ce kin je wurin Audi."

"Na je, Baba. Maigidana ne ya aike ni."

"Da me?"

"Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Yana raye ban saɓa masa ba, ba zan fara yau ba. Su faɗi abin da suka ga dama."

"To, bar wannan. Lafiyarsa ƙalau kwanakin nan?"

Ta ce tun Asabar bai je kasuwa ba. Santsi ya kwashe shi da buhun masara a ka. Ya dawo gida da ƙafarsa, ya naɗe wuya da rawani, in zai tashi sai ya tallafi kansa da hannu biyu kamar mai ɗauke da tulu. Ya hana a gaya wa mutane, don ɗan dakon da aka ji wuyansa ya taɓu ba mai sake kiransa. Yau da kiran sallar farko ya fita a hankali, ya ce in Allah ya so da sauƙi zai dawo.

Daga nan muka wuce caji ofis. Audi yana zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Bai roƙe mu komai ba, bai rantse ba. Baba Sanda ya tambaye shi abin da Hansai ta kawo masa, ya sunkuyar da kai. Muna shirin fita ya ɗago.

"Baba, an yi masa sutura?"

"An yi, bayan la'asar."

"Wa ya shiga ramin?"

Baba Sanda ya faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Na lura yadda ya juya wuyan nan ba wata wahala, ban kuma san abin zai yi mini amfani ba.

A hanya Baba Sanda ya ce, "Na san ƙafa ɗaya daga cikin biyun. Amma ƙafa ba ta faɗin dalili, kuma in na nuna mutum ba dalili, unguwa ni za ta jefa." Muka rabu a mararraba. Ya nufi Kurmin Mashi inda ba kowa sai 'yan tantabarunsa, ni na nufi ɗakina a Unguwar Dosa. Na ji tausayin Audi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, rabin tausayin na kaina ne. Da ni aka tsinci gawa a bayan ɗakina, ban san wanda zai ce a dakata ba.

*

Washegari na zauna aikin da na saba. Ban da manyan katunan marasa lafiya, ina da akwatin ƙananan takardu da nake jerawa bisa lamba, don in ƙarshen shekara ya zo a san mutum nawa suka zo da kowane ciwo. Ba wanda ya taɓa buɗe akwatin nan sai ni. Na rubuta ta Maliki, na nemi gurbin 806. Gurbin da ke gabansa shi ne 805, wato karayar ƙashin baya ko na wuya da ba ta taɓa laka ba. A watan nan takarda ɗaya ce tak a ciki, da rubutun hannuna, ta ranar Asabar. Sunan da ke kai: Audi, masinja, Unguwar Shanu.

Na tuna wuyan da na ga ya juya bango jiya. Na haye kujera na zaro babban katin. Likitan ɗakin ma'aikata ne ya duba shi, ba wanda ya duba gawa ba. Ya rubuta cewa ƙashin wuya na biyu ya tsage, ya ɗan zame gaba, laka lafiya lau, dalili faɗuwa da kaya a ka. A kwantar da shi yanzu, kada a motsa wuyan. A ƙasa kuma nas ta ƙara layi ɗaya: an kira shi a ba shi gado, ba a same shi ba.

Na zaro hotunan biyu, na Asabar da na Laraba, na ɗaga su a tagar nan tawa guda. Hoton wuya yakan kamo muƙamuƙi. A duka biyun, a sama ta hagu, haƙori ɗaya ya fito fari fat fiye da sauran, yadda ƙarfe ke fitowa a hoto. Audi ba shi da haƙorin Makka.

Nan take na gane, don ba yau na fara gani ba. Mai neman sabon kati sai ya kama layi tun asuba, wataƙila ya ga likita da la'asar. Mai katin ma'aikaci kuwa kai tsaye yake shiga. Saboda haka kati ɗaya yakan yi wa gida guda hidima, har da maƙwabta. Ina da katin wani direba da ya nuna ya ɗauki ciki ya haihu sau biyu. A da dariya abin yake ba ni, ranar nan kuwa ban yi dariya ba.

*

Na kai wa Baba Sanda labari, da la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Saje ya kawo Audi da ankwa. Ga Idi, ga Asabe a bakin ƙofa, ga Hansai can ciki tare da matan gidan, ga dattawan unguwa, cikinsu har da Dauda wanzami, wanda ke yi wa unguwar aski da ƙaho da ɗori. Baba Sanda ya sa na tsaya a ƙofa na ɗaga hotunan a haske. Na bayyana musu yadda zan iya: ƙashi ɗaya ne, mutum ɗaya, kwana huɗu tsakani. Ranar Asabar ƙashin ya goce amma laka tana nan, shi ya sa ya iya tafiya. Ranar Laraba an ƙarasa shi.

Baba Sanda ya juya ga Audi. "Katinka ka ara masa?"

Audi ya gyaɗa kai. "Ya ƙwanƙwasa mini yana riƙe da kansa. Na ce ga katina, je ka. Da suka ce za su ba shi gado sai ya gudo. Ya ce in aka kwantar da Audi a asibiti alhali Audi yana ofis yana kai wasiƙa, aikina ya tafi. Na ce ya koma, aikin ya tafi in zai tafi. Ya ƙi, ya aiko Hansai ta maido mini katin." Ya dubi ankwar hannunsa. "Katina ne ya kashe shi, Baba. Shi ya sa da suka ce ni ne, ban ga abin musu ba."

"Ba ku ne kuka yi faɗan indararo ba?" in ji mai unguwa.

"Mun yi, ranka ya daɗe. Washegari shi ya hau ya gyara."

Ba wanda ya san wannan, don ba wanda ya taɓa tambaya. Asabe ta ja mayafi ta rufe baki, karo na farko a tarihin lungun.

Baba Sanda ya miƙe, ya je inda aka tube takalma, ya ɗago wani takalmin taya da dugadugin hagu ya cinye, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Bai kira suna ba. Ya dai ce, a hankali, "Wanda ɗan'uwansa ya kwana huɗu da ciwon wuya, ina yake kai shi a unguwar nan?"

Duk idanu suka koma kan Dauda wanzami. Idi, mai takalmin, shi ya fara fashewa da kuka.

"Ni na kai shi! Na ce Yaya, asibiti sun gagara, zo mu je a ja maka shi. Wallahi sauƙi na nema masa!"

Dauda ya ce, kansa a ƙasa, "Targaɗe na ɗauka. Shekara talatin ina jan wuya, ba a taɓa samun haka ba. Na zaunar da shi, na dafa kafaɗa da gwiwa, na tallafi haɓa na ja. Ƙara ɗaya na ji, sai jikinsa ya saki." Ya ce ko takalmi bai tsaya sawa ba, suka ɗauko shi za su kai gida, suka ji an sallame salla mutane na fitowa, tsoro ya kama su, suka ajiye shi a lungun da ya fi kusa.

"Wannan kuskure ne, Allah ya sani," in ji Baba Sanda. "Amma jiya da hantsi aka tafi da Audi kuna kallo. Kai Idi har kana cewa ba za ka sake shi ba. Me ya hana ku magana?"

Idi ya share fuska da hannun riga. "Malam Dauda yana da mata da 'ya'ya tara. Ni ina da biyar, ga na Yaya sun dawo wuyana. Muka ga Audi..." Ya tsaya.

"Ƙarasa."

"Muka ga Audi ba shi da kowa."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba, kuma abin da ya fi ciwo, ba wanda ya yi mamakinta. Saje ya kwance ankwar daga hannun Audi, ya tsaya yana duban mutum biyu da ankwa ɗaya. Baba Sanda ya bi lungun ya tattara ƙoransa, ya ƙi tsayawa cin tuwon mai unguwa, ya ce tantabarunsa ba su sha ruwa ba.

*

Likita ya cike gurbin dalili da hannunsa, na sa lamba ta biyu, na buga hatimi. Na cire takardar Asabar daga katin Audi na mayar cikin na Maliki, inda ya kamata ta kasance tun farko. Ofishinsu Audi suka ba shi takardar gargaɗi a kan aron kati, ba su kore shi ba. Unguwa kuwa ba ta ba shi haƙuri ba. Ta dai koma gaishe shi da ƙarfi fiye da kima na 'yan kwanaki, sannan ta manta.

Bayan mako biyu ya zo tagata, don an ce a buɗe masa sabon kati tunda tsohon ya gauraya. Na ɗauko tsohon ina kwafewa: suna, aiki, unguwa. Na juya bayansa, inda ban duba ba ranar nan saboda sauri. Akwai layin da ake rubuta wanda za a nema in wani abu ya sami mai kati. An cike shi tun shekara shida da suka wuce, kuma rubutuna ne. Maliki, maƙwabci.

Na riƙe alƙalami a kan sabon layin.

"Malam Audi, wa za a sa a nan?"

Ya dubi katin, ya dubi kantocin da ke bayana, ya daɗe yana lissafin mutanen da ya sani a Kaduna. Na so in ce ya sa ni, kunya ta hana ni, kuma har yau ina jin haushin kaina.

"Akawu, bar shi yadda yake," in ji shi.

Shekara tara ban taɓa rubuta abin da na san ba daidai ba ne a kati. Na tsoma alƙalami, na rubuta Maliki, maƙwabci, na busa tawadar har ta bushe, na miƙa masa.